Kaskon Da Ke Ƙarƙashin Mukayyif

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma Allah da zan tsaya gabansa shi ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina gyaran mukayyif a Jidda, wato na'urar sanyaya ɗaki, ina zaune a Kurayyat amma aiki yana kai ni tsofaffin gidajen Ammariyya, irin masu kaurin bangon nan da aka gina kafin zuwan na'ura, daga baya aka farfasa bangon aka cusa mukayyif na taga. Ku sani, a Jidda ba a neman abin ɗumama ɗaki irin kaskon wutar da tsofaffinmu ke kwana da shi a gida. Nan zafi da gumi ne abin tsoro, in mukayyif ya mutu da tsakiyar bazara, tsoho yana iya binsa.

Wani bawan Allah mai suna Abdulƙadir, jikan alhazai ne haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci, ya kira ni in canja wa mahaifiyarsa mukayyif. Hajiya Zahra'u ta tsufa ƙwarai, ga asma ga hawan jini. Na tarar da tsohon ƙarfe ya yi tsatsa yana ruri kamar injin niƙa, bayansa kuma ya leƙa cikin manwar, wato wani siririn rami da magina ke bari a tsakiyar gini don iska da haske. Manwar ɗin nan ba shi da ƙofa, samansa an rufe da ragar waya saboda tattabaru, sai wata 'yar taga daga ɗakin Hajiya da kai kawai ke shiga. Da na leƙa sai na hangi kaskon ƙasa a can ƙasa, ya yi kore da gansakuka, ruwan mukayyif yana ɗiga a ciki.

Hajiya ta ce, "Ɗan nan, canja ƙarfenka yadda ka ga dama, amma ruwan ka bar shi inda yake zuba. Maigidana marigayi Malam ne ya zura kaskon da igiya, ya ce sadaka ne."

Na ce, "Hajiya, wa ke sha a ramin da ko kyanwa ba ta shiga?"

Ta ce, "Ni tambayarsu na yi? Mai ƙishi."

Abdulƙadir ya yi dariya, ya ce wa mahaifiyarsa, "Yumma, halas, ya isa haka, ruwan nan ne ke cin bango. Ya mu'allim mai gyara, ja shi banɗaki, yalla, maza." Kuma a ƙa'idar aiki gaskiyarsa ce. Na toshe tsohon gurbin, na ɗaura sabon mukayyif, na ja tiyon ruwan zuwa magudanar banɗaki, na yi tafiyata.

Washegari ya kira ni, wai ɗakin ya zama tanda. Na zo na auna gas, cike yake, na duba wuta, lafiya lau, na kai hannu bakin mukayyif, sanyi har yatsuna suka ƙage, amma wallahi taku ɗaya baya sai zafi ya mare ka kamar ka buɗe gidan burodi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, tiyon a bushe yake ƙayau. A Jidda fa, garin da iska kanta jiƙe take, mukayyif yana aiki bai fid da ko ɗigo ba! Na kwance na sake ɗaurawa, na je shagon kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, na ɗauko wani sabo fil na canja, duk kanwar ja ce. Kwanakin nan ban san natsuwa ba, ina salla hankalina yana ɗakin, ina cin abinci ina zana hanyar waya da ajami a bayan kwali ina gogewa, in tafi wani aikin in baro shi in dawo. Hajiya kuwa kullum ƙara narkewa take, numfashinta yana fita da ƙyar kamar ana jan zarto, an yi an yi ta koma gidan Abdulƙadir a unguwar Bani Malik ta ƙi, ta ce ɗakin da Malam ya cika nan za ta cika. Likita ya zo ya ce in aka bar ta cikin zafin nan ba za ta kai labari ba. Abdulƙadir ya daina dariya, sai bina yake da ido.

Ranar nan bayan azahar, rana tsaka, na rasa abin dubawa, sai na zura kai ta 'yar tagar nan. Kaskon ya bushe, gansakukar nan duk babu, an suɗe shi tas kamar kwanon da aka ba mayunwaci. Ina cikin kallo sai na ji numfashi. Ba na Hajiya ba ne, ita tana bayana. Wannan daga cikin ramin yake tasowa, haki ne irin na wanda ya sha doguwar tafiya a rana, kuma ba na mutum ɗaya ba, hucinsa mai zafi yana dukan fuskata. La haula! Ramin da haske ya cika shi, ina ganin kowane lungu, babu kowa. Na kama Ayatul Kursiyyu ina yi tana kakkarye mini a baki.

Daga kan gado Hajiya ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata, "Ka ji su ko?"

Ban nemi izinin kowa ba. Na fizgo tiyon daga banɗaki na jefa bakinsa cikin manwar. Ruwa ya ɓalle kamar an buɗe famfo, sai ka ce na duk kwanakin ne aka riƙe, yana zuba cikin kasko, kuma kaskon bai cika ba. Muna jin ana sha, ba lasa irin ta dabba ba, kwankwaɗa irin ta mutum, a tsaya a ja numfashi, a ci gaba. Abdulƙadir yana tsaye kusa da ni, ya riƙe kafaɗata har ya ji mini ciwo, ba abin da yake cewa sai "Ya Latif, ya Latif." Kafin a kira la'asar ɗakin ya yi sanyi har Hajiya ta nemi a rufa mata mayafi, ta ce a dama mata kunu.

Ta yi shekaru bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi malamina, ya ce halittun Allah yawa gare su, kada in roƙe su komai, kada in ji tsoronsu, shayar da ruwa dai lada ne. Na ji an ce gidan yanzu an rushe shi, kuma abin da ke hana ni sakat ke nan, in na tuna sai in ce to yanzu a ina suke sha? Ni dai tun lokacin akwai kwano a ƙarƙashin mukayyif ɗin ɗakina. Wani lokaci in leƙa in tarar da shi a bushe alhali ruwa yana ɗiga, sai in ce rana ce, in yi sauri in rufe taga.

Don haka 'yan'uwa, in aiki ya kai ku tsohon gida, tsoho ya ce ku bar wani abu inda yake, ku bar shi, ku yi bisimilla ku yi abin da ya kawo ku. Ba duk mazauna gida ne ke fitowa su gaisa da baƙo ba.