Ƙwayar Dawar da Na Daina Ajiyewa

A gidanmu ba a rubuta asali, ƙirga shi ake yi da dawa. Ranar suna, in maza sun watse, babbar matar gida takan zauna da faifai a cinya tana jefa ƙwaya ɗaya-ɗaya, kowace ƙwaya mutum guda, tana faɗin sunansa da abin da ya yi a duniya. Kakata ta yi, gwaggona ta yi, yau kuma ya fi shekara talatin faifan yana hannuna. Ban taɓa zama a aji ba, amma kaf Sabon Gari ba wadda za ta ce ta ji na yi tuntuɓe a kan suna.

Kakana yana cikin mutanen farko da suka kafa bukka a nan, lokacin da aka kawo hanyar jirgin ƙasa. Ya zo da gatari da jaki ɗaya, ya sare daji, ya haƙa rijiyar da har yanzu take tsakar gidanmu. Haka nake faɗa. Abin da ba na faɗa shi ne su biyu suka zo. Ƙanensa ne a cikin ramin rijiyar, kakana yana sama yana jan ƙasa. Daga baya ƙanen ya bi 'yan mishan ya shiga coci, aka daina ambatonsa.

Kakata in ta zo kansa ba ta buɗe baki, sai dai ta ɗauki ƙwaya ta ajiye a kan tabarma, gefen faifai. Ina yarinya na tambaye ta, ta raɗa mini sunansa a kunne, ta ce ba a kiransa amma ba a zubar da shi. Da faifan ya zo hannuna, ni na daina ajiye ƙwayar. Ba wanda ya sa ni. Ina son labarina ya tafi sumul ne, kada wata ta tsayar da ni da tambaya.

Shekarar da ta wuce ɗana, wanda yake koyarwa a Samaru, ya ce zai zana zuriyarmu a takarda saboda 'ya'yansa da ke Amurka. Kwana uku ina zuba yana ɗauka a waya. Aka buga, aka sa a gilashi, aka rataye mini a falo. Duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Ban san yadda zancen ya kai unguwar Chikaji ba. Wata rana da hantsi sai ga wata tsohuwa sa'ata ta sauka daga keke-napep, da sanda, da sarƙar gicciye a wuya. Ta ce malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Maƙwabta uku suna zaune muna gyaran wake. Ta gaishe mu da ladabi, sannan ta kwance bakin zaninta, ga ƙwayoyin dawa.

Ta ce kakanta ya gaya mata cewa a gidan da ya fito, da dawa ake ƙirga mutane, kuma ya taɓa haƙa rijiya da yayansa. Ita sunan baftismarsa kawai ta sani. Tana son sunansa na yanka da na ubansa, ta bar wa 'ya'yanta kafin ta tafi. Tana magana ina kallon wushiryarta, irin ta mahaifina sak. Rijiyar kuwa tana bayanta, ko taku biyar babu.

Na dubi maƙwabta, na dubi gilashin nan ta ƙofar falo. Na ce, "Baiwar Allah, kakana shi kaɗai ya zo."

Ta ɗaure dawarta. Ta sha ruwan da na ba ta, na rijiyar ne ma. Ta ce, "To Hajiya, wataƙila na ɓata gida ne. Ki yi haƙuri na ɗauke miki lokaci."

Ita ce ta ba ni haƙuri.

Damina ta wuce ban gaya wa kowa ba. Sai da aka yi sunan tattaɓa-kunnena, ina ƙirga na zo daidai kan ƙanen kakana, hannuna ya ƙi wucewa. Mata suka ɗauka tsufa ne. Washegari na kira ɗana na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba, ya ɗauko mota kawai.

A Chikaji muka yi ta tambayar gidan tsohuwar malama. Da muka samu, kujerun roba ne jibge a ƙofa. An yi mako uku da binne ta. 'Yarta ta shigar da mu, ba ta san ko su wane ne mu ba. Na ce ta ba ni faifai da dawa. Na zauna a ƙasa na fara tun daga uban kakana, da na zo kan kakan uwarta na jefa ƙwayarsa a cikin faifan, na kira sunansa da ƙarfi. Ta sa na maimaita, ta rubuta a bayan takardar jana'izar. Sannan ta tambaye ni ko uwarta ta samu gidan da ta je nema, don ranar ta dawo ta ce ba ta dace ba.

Na ce, "Ta samu, 'yata. Ni ce na kore ta."

Ɗana ya ce zai sake buga takardar. Na hana. Na sa ya cire gilashin ya ƙara sunan da biro a gefe, inda kowa zai ga ƙari ne ya tambaye ni dalili.