Sakatar Baba a teburin mai shayi

'Yan gidanmu, ku bar abin da kuke yi, yau na ji ƙamshin Baba a Maigatari!

Na shiga kasuwa neman rago, na gaji, na zauna wurin wani mai shayi. Sai na ga ya ɗauko guduma zai fasa durowar teburinsa.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Tun da na sayo teburin nan a Gumel ba ta taɓa buɗuwa ba. Ba kwaɗo, ba ramin makulli. Yau sai na ga cikinta!"

Ba ramin makulli? Na ɗaga ledar da ya shimfiɗa a kan teburin, ga ƙunar dutsen gugar nan ta Yaya Hadiza! Teburin da Baba ya ƙera da hannunsa ne, wanda aka sayar bayan rasuwarsa.

Na ce, "Don Allah ajiye gudumar." Na zura hannu ta ƙarƙashi, na lalubo 'yar sakatar katakon nan da Baba yake zaton ba mu san da ita ba. Na tura ta hagu. Ƙwas, ta buɗe!

Mai shayi ya yi baya. "Alhaji, aljanu gare ka?"

Ba komai a ciki sai guntun fensirin Baba na kafinta, duk sawun haƙoransa a jiki. Ga ƙamshin turarensa, wallahi kamar yanzu ya fita masallaci.

Mai shayi ya kalli idona, ya miƙo min fensirin, ya mayar da durowar a hankali.

Ya ce, "Bari a rufe, kada ƙamshin ya ƙare. Duk ranar kasuwa ka zo ka buɗe."