Gwajin Da Ba A Ɗaukar Kowa

Jiya na iske ɗiyata Hadiza ta rufe kwamfuta, ido jajir. Sana'arta gwada manhajojin waya. Wani kamfani ya sa ta kwana uku tana zaƙulo kurakuran manhajarsu, wai gwajin ɗaukar aiki ne. Tana turawa suka yi shiru.

"Baba, mi na ɓata?"

"Ba komi. Aikin suke so, ba ma'aikaci ba."

Na sani, don a shekarun 1980, nan Illela, wani attajiri ya sa ni gwada rediyoyin da ya shigo da su daga Ƙonni ta Nijar, ina yi wa matattun alamar alli. Da na gama ya ce zai aiko kirana.

Furfura ta cika kaina, ɗan aike bai iso ba. Ku wa ya taɓa yi muku haka?