Ramuka Biyun da Na Huda a Keken Mushe

Lokacin da abin ya faru na fi shekara ashirin ina gyaran keke a Sabon Gari, nan Maradi, kuma in faɗi gaskiya kaina ya kumbura. Ni mutum ne da ya gwammace ya yi ƙarya da a ji ya ce bai sani ba. Cikin masu kawo mini aiki akwai wani dattijo malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Tibiri, Kirista ne, kowa Mushe yake ce masa, yadda muke kiran malaman boko a nan da lafazin Faransanci. Kekensa irin na hawan tudun nan ne da ake kawowa na hannu daga Turai. Da shi yake zuwa aji, ran Asabar kuma ya taka har Jiratawa inda yake da ɗan lambu, ya ɗauro zogale da tumatir. Ba ya yarda kowa ya taɓa keken sai ni. In ya zo yakan tsokane ni da cewa ni ne likitan dokinsa, ni kuma in ce dokin ya fi mai shi ƙuruciya.

Wata rana ya turo keken da hannu, furshinsa ya lanƙwashe, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Ina da guda biyu a rumfa. Ɗaya na alminiyam ne, mai araha, mai ɗan nauyi. Ɗayan na karbon ne, wato ba ƙarfe ba, wani irin zare ne da ake daskarewa da gam, baƙi wuluk, in ka ɗaga shi sai ka ce kara ka ɗauka. Mushe ya nuna na alminiyam, ya ce shi ba tsere zai yi ba, wanda ya saba da irinsa ya ishe shi. Ni kuwa na matsu in ɗaura na karbon ɗin a keken wani don a ce a rumfata aka fara ganinsa. Na cika shi da surutu, na ce ya fi ƙarfe ƙarfi, na ce gwiwoyinsa za su huta a yashin Gulbi. Ya yi dariya ya ce tunda likita ya faɗa, ya yarda.

Sai ya tuna mini da maɗaurin kayansa na gaba, inda yake ɗora buhun zogale. Furshin ba shi da wurin ɗaura noti, don haka na yi abin da muke yi wa kowane ƙarfe: na ɗauko injin huji na huda rami ɗaya a kowace ƙafa. Maimakon ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, sai baƙin gari ya zubo kamar na gawayi, bakin ramin kuma ya yi zare-zare. Da na ɗaure notin na ji wata ƙaramar ƙara daga ciki. Mushe yana zaune a benci yana gyaran takardun ɗalibai, ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya. Na goge garin da babban yatsana na ce lafiya lau. Na alminiyam ɗin yana rataye a saman kaina, minti goma sun isa in canza, amma yin haka sai na amsa masa cewa ban san abin da nake yi ba.

Sati uku ya yi yana hawa. Ran Asabar da hantsi, yana dawowa daga Jiratawa da kayansa, ya shiga wani ɗan gangare, ƙafafun furshin suka tsinke lokaci guda. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba ka labari kafin ya karye, wannan bai ba shi ko daƙiƙa ba. Ya faɗi a kan kafaɗa da wuya. Masu amalanke ne suka kwashe shi. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake ɗaguwa ba, hannun da ya yi shekaru yana riƙe alli da shi. Ya bar aji tun lokacinsa bai yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Da na je gaishe shi a Tibiri, na tarar da matarsa tana kuka tana faɗa masa cewa ta sha hana shi lodin da ya wuce kima, ga abin da taurin kansa ya jawo musu. Shi ma ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Mutanen majami'arsu da suka zo dubiya duk haka suka tafi da labarin. Ina zaune a tabarma, ina da amsar a bakina, na haɗiye ta. Har ya sa aka kawo mini keken, ya ce in ajiye, ba wanda zai kula da shi kamar ni. Da na duba, karayar ta bi ta tsakiyar ramukan nan biyu daidai. Duk sallah yakan aiko mini da takardar barka da ya rubuta da hannun hagu, haruffan a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ina jin kunyar buɗe su.

Abin da na koya shi ne, rashin sanina bai kai girman kaina ɓarna ba. 'Yan'uwana masu gyara, kada ku huda karbon, kada ku ɗaure masa abin da ba a yi shi dominsa ba, mai ɗaukar kaya kuma ku ba shi na alminiyam ko na ƙarfe. In kun ga abin da ba ku gane ba a hannunku, ku tsaya ku faɗa, domin wuyan mutum ne zai hau aikinku.

Na san Mushe ba ya fashin karanta wannan mujalla, kuma zai gane kekensa. Sau da yawa na kai ƙofar gidansa da niyyar magana, bakina ya ƙi. To Mushe, ka nuna wa maman yara wannan shafi. Ba lodinka ba ne, ni ne na huda, kuma na ji ƙarar.