Man Urushalima da Hancina

Duk Kuwala Lumfur babu mai hancin gane annabin ƙarya kamar ni, ina jiyo shi tun daga bayan duwatsu bakwai. Baiwar ta bayyana ne daminar da na shiga aji huɗu a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, ranar wata Lahadi, sa'ad da wani baƙo mai farin kwat ya kafa rumfa bayan makarantarmu, da ganguna da lasifika, har tsohon cocinmu ya koma sai tsofaffi da jemagu.

Lokacin ana neman kansila. Malam Iro maƙwabcinmu ya fito takara, mutumin da gonarsa ke jikin tamu, tare suke gayya da Baba, kuma da sallah tuwon gidansa ke fara shigowa gidanmu. Zaɓen kuwa na layi ne, kowa ya tsaya bayan hoton gwaninsa, duniya tana kallo. Baƙon nan ya ce an nuna masa a wahayi cewa Bitrus mai injin niƙa ne zai zama kansila, ya kira shi gaba, ya tsiyaya masa man da ya ce daga Urushalima aka kawo. Ni kuwa ɗan mai ƙuli-ƙuli ne, cikin tuyar gyaɗa na buɗe ido. Iska na kaɗowa na gane man Mama, wanda matar baƙon ta saya ranar Juma'a, har alamar toshiyar kwalbar na shaida. Na miƙe na faɗa da ƙarfi. Aka ce aljani ne ya kama ni, dattawa suka danne ni da addu'a, Mama ta ƙarasa da muciya a gida.

Ran zaɓe na hau mangwaro ina kallo. Baba ya daɗe tsakanin layukan biyu yana gyaran hular da ba ta karkace ba, sannan ya bi bayan Bitrus, kansa a ƙasa. Da aka zo noma na biyu dai Baba da Malam Iro kowa shi kaɗai ya yi nasa, sallar shekarar kuma muka ci tuwon gidanmu.

Yanzu ga ni da furfura ina karatun digiri na uku a Kuwala Lumfur, kuma wani fasto ya buɗe coci saman wani shago a unguwar Sri Petaling, shi ma da kwalbar mansa, ya ce an nuna masa wanda zai mulki Najeriya, kowa ya buga waya gida ya gaya wa iyayensa. Kabiru abokina, da muke shan shayi a gidan abincin da ake kira mamak a unguwar Danau Kota, ya ce a wajensu Musulmi ma akwai masu irin wannan wa'azin. Sai gonar Malam Iro ta faɗo mini a rai, babu shinge tsakaninta da tamu.

Na ce wa matata Saratu ta kai ni cocin ran Lahadi, shaƙa ɗaya zan tona asirin kwalbar.

Ta ce, "Baban Rahila, wancan karon ma ai ka gane man. Mutum nawa suka fita daga layin?"