Tsohon da Bai Yarda da Ma'aunin Danshi Ba

Ruwan tukunyar furensa ne ya malalo, sabon maƙwabcinmu ya zame, ya zauna daɓas cikin caɓi da farar rigarsa. Ni kuwa har da riƙe ciki.

Tsoho ne siriri, maɓallan rigarsa a saɓe. Kullum sai ya soka ma'aunin danshi a ƙasar tukunyar, allurar ta nuna a jiƙe take sharkaf, shi kuma ya ƙara ruwa. Ganyen duk sun yi rawaya. Da gani ba shi ya shuka furen ba.

Na ce, "Baba, na'urarka fa ta ce ya ƙoshi. Kashe shi za ka yi."

Ko ɗagowa bai yi ba.

"'Yar nan, ta asibiti ma cewa ta yi matata na samun sauƙi. Washegari muka binne ta."