Fasinjojin da Ba Su da Suna

Kafin abokai su laƙaba mini Kaboyi, ni yaron kanti ne mai kunya, ina jera doya da manja a wani shagon kayan abincin gida a garin Woodbridge na Amurka. Yayata Hajara ce ta kawo ni ƙasar nan, a gidanta nake kwana. Kullum da sassafe takan ajiye motarta a tashar jirgin ƙasa, ta shiga Washington inda take jinyar tsofaffi.

Karatu ne ya ɓata ni, ko in ce rabin karatu. Don in gyara Turancina na riƙa aro littattafan tarihin 'yan fashin Amurka na zamanin dawaki. Marubutan nan sun iya wanke ɓarawo. Sai ka gan shi fes da malafa da gashin baki, ya tare jirgin ƙasa, yana gaida mata da ladabi, wai manyan kamfanoni kawai yake taɓawa. Ni kuma da na kai tsakiyar littafi, inda daɗin yake, sai in mayar in ɗauko wani.

"Kai da matattun nan naka," in ji Yaya. "Allah Ya shirye ka. Ka ci abinci?"

Ba ni da doki, ba kuma zan iya tare jirgi ba, saboda haka sai in jira ya tashi. Motocin fasinjoji na nan jere a tasha har yamma, babu mai su. Da tabarau na fara, a wata mota da aka manta ba a kulle ba. Daga nan jakunkuna, daga baya motar gaba ɗaya. Ina ce wa kaina kamfanonin inshora ne za su ji a jikinsu.

Kyamara ce ta kama ni da rana tsaka. A kotu wata mata ta miƙe, mai goge-goge ce a asibiti. Ta ce keken guragun ɗanta yana cikin motar da na ɗauke, yaron ya daɗe bai je makaranta ba, ita ma aikinta ya tafi. Na sunkuyar da kai, sai na ga takalminta irin na Yaya ne sak, farin nan na masu wuni a tsaye.

Da aka yanke mini hukunci za a fita da ni, Yaya ta matso. "A layin da ka ɗauke motar nan nake fakin," ta ce. "Da ba ka san motata ba, da ni ce tsaye a can." Har na gama zamana ba ta zo ba, kuma wannan ya fi kurkukun ci mini rai.

A laburaren gidan yari na karanta irin littafin nan har ƙarshe a karon farko. Abokin ɗan fashin ne ya harbe shi ta baya, aka jingina gawar a katako ana ɗaukar hoto. Na koma farko ina neman fasinjojin. An faɗi sunan dokinsa, amma su layi ɗaya aka ba su, cewa sun tsorata. Nan na yi kuka, na tuba.

Da aka sake ni na tsaya a ƙofarta, ban san ko za ta buɗe ba. Ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, ki yafe mini."

"Ka rame," ta ce. Ta ciro makullin motarta ta sa mini a hannu. "Gobe kai za ka kai ni tasha. Kada ka makara."

Yau ni bakanike ne, ina da mata da 'ya, ina barci da daɗi, alhamdu lillahi. Matasa, in aka ba ku labarin ɓarawo mai malafa, ku karanta har ƙarshe, sannan ku tambayi wa ke cikin jirgin. Har yanzu ni nake kai Yaya tasha, kuma ban taɓa makara ba.